Rigimar Kalmomi Tsakanin Masu Hawan Duwatsu Da Masu Zana Taswira

A cikin watan Yuni na shekarar 2022 waɗansu yara 'yan makaranta su 99, tare da malamansu 8, suka taso daga ƙasar Jamus zuwa wani kwari mai suna Kleinwalsertal da ke cikin tsaunukan Austriya don yawon buɗe ido. Shekarun yaran daga 12 ne zuwa 14. Aka duba intanet aka sami bayanin wata hanya da ke bin doron wani dutse da ake kira Heuberggrat, wanda ya rubuta bayanin kuwa ya kwatanta ta da irin yawon shan iskar da mutum kan yi da maraice bayan ya tashi daga aiki. Da ganin haka sai aka ɗebi yara aka kama hanya. Ashe doron nan siriri ne, rami dama rami hagu, ga shi an yi ruwa ƙasa ta yi santsi. Tafiya ta gagara gaba, ta gagara baya. Sai da aka kira masu aikin ceto suka kwashe akasarinsu da jirage masu saukar ungulu, saura kuma aka sauko da su da ƙafa. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba.

Abin lura a nan shi ne mutumin da ya rubuta bayanin bai yi ƙarya ba. Gwanin hawan dutse ne, a wurinsa lalle yawon maraice ne. Kalmar tasa ce ta fita daga bakin gwani ta faɗa kunnen wanda bai san dawan garin ba.

Shekara guda kafin wannan, watau a watan Yuli na 2021, ƙungiyoyi biyu na ƙasar Sikotilan, Mountaineering Scotland da John Muir Trust, sun yi kashedi game da wani layi mai ɗigo-ɗigo da taswirar Google ke nuna wa masu son hawan Ben Nevis, tsaunin da ya fi kowanne tsawo a Birtaniya, mai mita 1,345. Layin ya tashi daga wani wurin ajiye motoci ya miƙe ɗoɗar zuwa sama ta wani gefe mai tsananin gangara inda babu wata hanya a ƙasa, suka ce yana iya halaka mutum. Kamfanin ya gyara yadda yake kai masu mota wurin. Duk direban da ke aiki da taswirar waya a Ikko ko Badun ya ɗanɗana irin wannan, ranar da waya ta ce masa ga titi, ya je ya tarar da lungu ko gadar katako. A birni sai ya yi tsaki ya juya. A gefen tsauni kuwa sau da yawa babu wurin juyawa.

INJI BA YA TAMBAYA

Hausawa na cewa matambayi ba ya ɓata. To, injin nan mai ƙwaƙwalwa da ake kira kwamfuta ba matambayi ba ne. Idan aka rubuta masa cewa ga hanya nan, ba zai ce hanyar wa ba, ta tsoho mai sanda ko ta saurayi mai igiya da ƙugiya. Zai karɓa, ya zana, ya tura mutum. Saboda haka masu rubuta manhaja, watau umarnin da injin ke bi, tilas su zauna da masu sana'ar tun kafin a fara aiki su daddale ma'anar kowace kalma.

Wani Ba'amurke mai suna Eric Evans ya yi bayanin wannan a littafinsa Domain-Driven Design na shekarar 2003. Shawararsa ita ce masu rubuta manhaja da masu sanin sana'ar su riƙa magana da harshe guda, kuma kalmar da aka faɗa a wurin taro ita za a gani a cikin rubutun injin, ba a fassara ta zuwa wata. In ma'anar kalma ta sauya a baki, a je a sauya ta a cikin inji. Ya kuma yarda cewa kalma guda tana iya zama da ma'ana biyu a sassa biyu na aiki, muddin an shata wa kowace ma'ana iyakar gonarta. Wannan ya yi daidai da sha'anin tsaunuka, domin kalmar hanya a bakin mai safiyo layi ce da ake gani a ƙasa, a bakin mai hawa kuwa tana iya zama tsagar da ke jikin bangon dutse wadda babu sawun kowa a kanta.

Babban filin da ake wannan gwagwarmaya shi ne OpenStreetMap, taswirar duniya ta kyauta wadda wani Bature mai suna Steve Coast ya fara a Ingila a 2004. 'Yan sa kai ne ke zana ta, kuma manhajojin tafiyar daji irin su Komoot da AllTrails da OsmAnd daga gare ta suke ɗibar hanyoyinsu. Duk abin da aka zana a kan ta sai an liƙa masa tambari mai cewa mene ne shi: wannan ƙololuwa ce, wannan bangon dutse ne, wannan mashigi ne. Babu sarki mai yanke hukunci. Kowa na da izinin ƙirƙiro tambarin da ya ga dama, amma in yana so jama'a su bi shi sai ya rubuta shawara, a tattauna, a jefa ƙuri'a, kuma sai ya sami wajen kashi uku cikin huɗu kafin a ce an amince. Ko bayan haka ma, tambarin da mutane suka fi aiki da shi shi ne ke zama doka.

Tambarin da ya fi kowanne jawo hayaniya shi ne na hanyar ƙafa. Kalma guda ce ta Turanci, amma an liƙa ta a kan shimfiɗaɗɗiyar hanyar lambu da ake tura keken jariri, an kuma liƙa ta a kan inda sai mutum ya kama dutse da hannu biyu yana rarrafe. Mai manhajar da bai duba ƙarin bayani ba sai ya zana su da layi iri ɗaya. An taɓa kawo shawarar a ware wa wuraren rarrafen nan tambari na daban, aka yi ta muhawara, ba a kai ga yarjejeniya ba. Masu goyon baya suka ce rai ya fi komai, a raba su kawai. Masu adawa suka ce ina ne tafiya ta ƙare, rarrafe ya fara? Dogo ya taka ya wuce inda gajere zai sa hannu.

ARON MA'AUNI DAGA SUWIZALAN

Maganin da aka fi dogara da shi aro ne daga Ƙungiyar Masu Hawan Tsaunuka ta Suwizalan, wadda aka kafa tun 1863. A shekarar 2002 ƙungiyar ta fito da ma'auni mai hawa shida, daga T1 zuwa T6, kuma hikimarsa ita ce bai tsaya ga cewa hanya na da sauƙi ko wuya ba. Abin da ke ƙasa yake faɗa. T1 gyararriyar hanya ce, babu haɗarin faɗuwa. A T2 hanyar ba ta yanke ba, amma akwai hawa mai tsauri nan da can. A T3 akan tarar da wuraren da rami ke gefe, wani lokaci an ɗaura sarƙa ko igiya, kuma mutum kan dafa dutse don kada ya karkace. Daga T4 hanyar kanta takan ɓace, hannu kuma ya shiga aikin tafiya sosai. T5 da T6 kuwa sau da yawa babu hanya sam, hawa ne na gaske. A can Suwizalan har fentin alamun ya bi wannan tsari, rawaya ga mai sauƙi, fari da ja ga ta tsakiya, fari da shuɗi ga ta gwanaye.

Lalle wannan ya fi yawon maraice nesa ba kusa ba. Amma fa tsaunukan Alps aka duba aka yi shi. Bai san ƙaya ba, bai san zafin rana da ƙishirwa ba, bai san rafin da ake tsallakewa da rani ya zama kogi da damina ba. Mai zana hanyar hawan duwatsun Idanre a jihar Ondo, ko ta tsaunin Mambila, sai dai ya matsa ƙasarsa ta shiga riga wadda ba a auna da ita ba. Ga kuma babbar matsala, hanyoyi da yawa ba wanda ya sa musu ma'aunin ko kaɗan, inji kuwa in ya ga gurbi fayau ya kan ɗauka lafiya ce.

A wajen masu hawan bango da igiya abin ya fi haka rikicewa, domin kusan kowace ƙasa da nata lissafin. Ƙungiyar duniya ta masu hawa, UIAA, wadda aka kafa a garin Chamonix na Faransa a 1932, da lambobin Rumawa take aiki. An daɗe ana cewa VI ne iyakar abin da ɗan Adam zai iya, sai da matasa suka wuce nan a wajejen 1977 aka buɗe ma'aunin. Faransawa na haɗa lamba da harafi, kamar 6a ko 7b, har zuwa 9c da Adam Ondra ya fara hawa a Norwe a 2017. Amurkawa na rubuta 5.9 ko 5.12. Mutanen Ostireliya lamba zalla suke ƙirgawa. Na Ingila ya fi ban dariya, domin tun zamanin kakanni suka raɗa wa hanyoyinsu sunaye, har ya zama hawan da ake kira Mai Wuya da wanda ake kira Mai Wuya Ƙwarai suna cikin waɗanda ake koya wa sabon shiga a yau. Mai rubuta manhajar da ya ɗauki waɗannan sunaye a kan fuskarsu ya kife lissafi. Waɗanda suka san aikin ba su ajiye lamba ita kaɗai, sai sun haɗa ta da sunan ma'aunin da ta fito, kuma in sun juya ta zuwa wani ma'auni sukan nuna cewa kintace ne. Dalili kuwa shi ne ma'aunin Ingila yana lissafa haɗarin faɗuwa, na Faransa kuwa wahalar motsi ya fi dubawa.

Akwai inda aka dace. A 2002 wani ƙaramin kamfani na Amurka, TopoGrafix, ya fito da tsarin GPX don na'urorin GPS su riƙa musayar bayani, kuma abubuwa uku kacal ya sani: zango, watau wuri guda mai suna; tafarki, watau jerin zangunan da mutum ya yi niyyar bi; da sawu, watau inda ƙafarsa ta taka a zahiri. Raba niyya da sawu shi ne amfaninsa, kuma har yau kusan kowace na'ura tana karanta shi.

INA KAN DUTSEN YAKE?

Mai karatu zai zaci ko ba a yarda a kan komai ba, an yarda a kan abin da ake kira tsauni. Ko kusa. Hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta ce ba ta da wata ƙa'ida da ke raba tudu da tsauni. A Birtaniya an saba da ƙafa 2,000, watau mita 610. A 1891 Sir Hugh Munro ya jera tsaunukan Sikotilan da suka kai ƙafa 3,000, waɗanda a yau ake lissafa 282, amma bai bar wata ƙa'ida da ke nuna yaushe ƙololuwa ke zama tsauni mai zaman kansa ba, yaushe kuma take zama kafaɗar maƙwabcinta. Tsawo kaɗai ba ya raba gardama. Garin Jos yana zaune wajen mita 1,200 sama da teku, ya fi akasarin tsaunukan Munro bisa, amma ba wanda zai ce mai tallar dankali a Jos a kan ƙololuwa take.

Daga nan aka shigo da lissafin rata. Tsakanin kowane kai biyu akwai lotsawa mai kama da sirdin doki, sai a auna iyakar abin da mutum zai sauka kafin ya fara hawan wani kan da ya fi wannan tsawo. A 1992 Alan Dawson ya jera duwatsun Birtaniya masu ratar mita 150. A 1994 UIAA ta fitar da jerin ƙololuwa 82 masu mita 4,000 a Alps, ta ɗauki ratar mita 30, amma ta bar ƙofa ga siffar dutse da kuma darajarsa a idon masu hawa. Inji na iya lissafa rata cikin ƙiftawar ido. Daraja a idon masu hawa kuwa sai mutum ya shigar masa da hannu.

Maganar ba ta wasa ba ce, akwai suna da kuɗi a ciki. An san tsaunuka 14 ne suka haura mita 8,000 a duniya, 8 daga ciki a Nepal ko kan iyakarta, kuma hukumomin Nepal sun daɗe suna neman a ƙara waɗansu kawunan cikin jerin, domin kowane sabon suna sabon lasisin hawa ne da sabon aiki ga 'yan rakiya. Reinhold Messner ya gama hawan 14 ɗin nan a 1986, duniya ta san shi da haka. Sai wani Bajamushe mai bin diddigi, Eberhard Jurgalski, ya yi shekaru yana nazarin hotuna, ya ce masu hawa da yawa sun tsaya gab da ainihin ƙololuwa ba su sani ba, har da Messner a kan Annapurna a 1985. A 2023 littafin Guinness ya cire sunan Messner ya sa na Ed Viesturs na Amurka. Shi Viesturs ɗin da kansa ya ce Messner ne na farko. Gardamar duka a kan kalma guda ce, ko kan dutse ɗigo ne tak, ko kuwa ɗan fili ne.

Tsawon ma sai an ce daga ina aka auna. An daɗe ana rubuta Everest da mita 8,848. A 2005 ƙasar Sin ta ce 8,844.43 ne, domin ita tsuran dutsen ta auna ban da ƙanƙarar da ke kansa. Sai ranar 8 ga Disamba 2020 Nepal da Sin suka haɗu suka sanar da 8,848.86. Na'urar GPS kuma tana auna tsawo ne daga wata siffar duniya ta lissafi, wadda a waɗansu wurare ta bambanta da fuskar teku da wajen mita 100, sai an gyara mata. Tekun ma ba ɗaya ba ne. Jamus daga Amsterdam take aunawa, Suwizalan daga Marseille, bambancinsu santimita 27 ne. Da ake gina gada a kan kogin Rhine a Laufenburg a 2003 zuwa 2004 an san da wannan bambanci sarai, amma aka yi gyaran a juye, ya zama santimita 54, sai da aka gano ana tsakiyar aiki aka daidaita.

Nijeriya ma tana da nata. Tsofaffin taswirorin safiyo na ƙasar nan an zana su ne a kan ma'aunin Minna, wanda tushensa ke kusa da garin Minna, alhali wayar hannu da ma'aunin duniya na WGS 84 take aiki. Wanda ya kwafi lambobin wuri daga tsohuwar taswira ya zuba a waya ba tare da ya juya su ba zai sauka gefe da abin da ya doshi tsawon filin ƙwallo. Masu rikicin fili sun san abin da hakan ke jawowa.

Sunaye kuwa, Everest sunan wani Baturen safiyo ne da aka liƙa wa tsaunin a 1865. Mutanen Nepal na ce masa Sagarmatha, na Tibet na ce masa Chomolungma. Tsaunin Alaska mai mita 6,190 gwamnatin Amurka ta mai da sunansa Denali a 2015, a Janairun 2025 kuma aka mai da shi McKinley. Dabarar masu manhaja ita ce su ba kowane dutse lambar da ba ta sauyawa, su rataya sunayen a jikinta. A rumbun Wikidata lambar Everest ita ce Q513, kowa ya kira shi da abin da ya gada.

DUTSE, TSAUNI, TUDU

Ranar da za a mai da waɗannan manhajoji Hausa za a yi karo da wani abu. Bahaushe na cewa dutse ga abin da yaro ke jifan tsuntsu da shi, ga na niƙa, ga na guga, ga na wuyan mata, ga Dala da Kufena, ga Zuma da ke jikin tsohuwar takardar naira 100, ga Olumo na Abekuta. Ba Hausa kaɗai ke haka ba. Masu bincike biyu, David Mark da Andrew Turk, sun yi nazarin harshen Yindjibarndi na yammacin Ostireliya a wajejen 2003, suka tarar kalma guda, marnda, ta haɗa tudu da tsauni da doron dutse da shi kansa dutsen. Abin da suka fahimta shi ne kowane harshe da yadda yake yanka ƙasa, kuma yankan Turanci ɗaya ne kawai daga ciki.

A wani gefen kuma Hausa ta fi taswirar wadata. Tana da tudu da tsauni da hayi da jigawa, tana da fa, watau falalen dutsen da ake shanya a kai, tana da kwari da kwazazzabo da kogo, tana da fadama da faƙo. Bambancin jigawa da faƙo magana ce ta abinci a wurin manomi, amma mai zana taswira zai wahala kafin ya sami tambarin da ya yi daidai da kowannensu. Inda Hausa ke ƙaranci shi ne kalmomin can sama, kamar sirdin da ke tsakanin kawuna biyu, da doro mai kaifi, da gangaren tsakuwa mai zamewa, domin akasarin ƙasar Hausa shimfiɗe take. Waɗannan a bakin mutanen tsaunuka za a nemo su, mazauna duwatsun Gwoza da na Filato, da makiyayan Mambila, da mafarauta. In aka bar aikin ga mai fassara guda a ofis da ƙamus a gabansa, zai sa dutse a ko'ina, a koma gidan jiya.

Tsaunin da ya fi kowanne tsawo a Nijeriya, mai mita 2,419, yana jihar Taraba a kan iyakar Kamaru, cikin gandun Gashaka-Gumti. Sunansa biyu, Chappal Waddi da Gangirwal, kuma tsarin OpenStreetMap ya tanadi gurbin suna ga kowane harshe, har da Hausa da Fillanci. Mai son hawansa sai ya nemi 'yan rakiya daga mutanen yankin, su ne suka san inda ake kwana, da rafin da ake ɗibar ruwa, da mashigin da ba a bi in damina ta kankama.